Shukar nan ta kyauta ce, a daina jingina mata camfi

Jiya wata maƙwabciyata ta shigo falona a nan Jos, ta hango tukunyar da ke bakin taga, sai ta ce, "Yaya, ashe ke ma kin ajiye shukar kuɗi? An ce gidan da take arziki ba ya yankewa." Maganar ta tsaya mini a rai har dare.

Shukar dai ita ce Pilea peperomioides, mai ganye zagaye kamar sulalla, kowane ganye a kan siririn kara da ya kama shi ta kusan tsakiya. Wannan siffar ce ta jawo mata sunan kuɗi, ba wani abu ba. Arziki na Allah ne, ganye ba ya kawo shi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu saye da wannan niyya su ne kan gaba wajen kashe ta: a kai ta kusurwa mai duhu, a yi ta ɗura mata ruwa safe da yamma, bayan wata ɗaya saiwa ta ruɓe, a ce wai ba ta karɓi gidan ba.

Da an san daga inda ta fito da ba a yi mata haka ba. 'Yar tsaunukan Yunnan ce a kudu maso yammacin Sin, tana fitowa a jikin duwatsu masu inuwa da sanyi, inda ruwa ke wucewa ba ya kwanciya. Wani masanin tsirrai ɗan Scotland, George Forrest, ya tsinko ta a 1906, ta zauna a ma'ajiyar masana tsirrai kawai. Wanda ya shigar da ita gidajen mutane wani ɗan mishan ne ɗan Norwe, Agnar Espegren, da ya taho da ita daga Sin ta Indiya ya isa gida a 1946. Ya rarraba wa 'yan uwa da abokai, su ma suka rarraba. Haka ta bazu a Turai shekaru da dama, hannu zuwa hannu, kafin ta shiga kasuwa sosai. Ni nan ne darajarta take a wajena, don ni ma kyauta aka ba ni ita a kofin shayi.

Kulawarta ba wuya, sai dai tana son a lura. Haske take so, ba zafin rana kai tsaye ba, shi ya sa tawa ke tagar gabas bayan labule mara kauri. Tana karkata wajen haske, don haka duk mako nake ɗan juya tukunyar. Tukunyar ƙasa mai huji a gindi ta fi, a gauraya ƙasar da yashi. Kafin ban ruwa nakan tsoma yatsa. In da danshi sai in bar ta. Ganyen ƙasa ya yi rawaya ya faɗi ɗaya-ɗaya, tsufa ne. In suka yi yawa lokaci guda, a duba ruwa. Fararen ɗigon da ke fitowa a bayan ganye kuwa gishirin ruwa ne take fitarwa, ba cuta ba, kuma da na koma ba ta ruwan sama da damina sun ragu. Da hunturu ƙura kan rufe ganyen, sai in goge da tsumma mai laima.

Gaskiya guda ga 'yan uwa na Kano da Sakkwato: zafin bazara yana wahalar da ita ƙwarai. Sai ɗaki mafi sanyi a gidan, kuma ba daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki ba.

Idan ta ji daɗi sai ta fara fitar da 'ya'ya daga ƙasa kewaye da ita. In ɗa ya kai tsawon yatsa, a ɗan tone, a yanke shi da wuƙa mai tsabta tare da 'yar saiwarsa, a dasa a ƙaramin mazubi. Uku gare ni yanzu a tagar kicin. Na riga na faɗa wa maƙwabciyata ɗaya nata ne, ta zo ta ɗauka in ya fitar da sabon ganye, amma ta fara nemo tukunya mai huji.