Inda Idon Gida Ba Ya Kaiwa

Ƙannena da ke neman abinci a ƙasar Saudiyya, na asibiti da na kamfani da na gidajen Larabawa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a yankin Dammam, kuma da yawanku ni na tarbe ku a filin jirgi: 'yan Kaltungo da Billiri irina, da na Kafanchan, Zonkwa, Langtang, Numan, Tafawa Ɓalewa. Kuna sauka da Littafi Mai Tsarki a cikin waya, addu'ar da fasto ya yi muku ran Lahadin sallama ko hucewa ba ta yi ba. Bayan wata shida in na kira wata sai ta ce, "Anti, aiki ne ya yi yawa." Shekara na zagayowa ko wayar ba ta ɗauka. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai, kuma da kaina zan fara.

A shekarata ta biyu aka ba ni aikin dare a ɗakin tsofaffi. Akwai wani dattijo mai ciwon suga da likita ya rubuta a gwada jininsa da ƙarfe biyu na dare. Ran nan na haɗa aikin rana da na dare, na ce bari in ɗan zauna, barci ya sace ni. Ban farka ba sai ƙarfe huɗu. Na ɗauki fayil ɗinsa, na dubi lambar jiya, na rubuta wata mai kama da ita, na sa hannu. Babu wanda ya gani. Tsohon bai mutu ba, ko tari bai yi ba, kuma wannan ne ya cuce ni, domin mako na zagayowa na sake yi, wannan karon ba barci ba ne ma, ƙiwa ce kawai. Sau huɗu na yi haka. Ran na huɗun, 'yarsa da ke kwana a gefen gado ta idar da sallar asuba, ta riƙe hannuna ta ce Allah ya saka mini da alheri don na kwana ina kula da babanta. Na shiga banɗaki na yi kuka har idanuna suka kumbura.

A asibitin da na koyi aiki a gida ba zan taɓa yin haka ba, kuma na san dalili. Shugabar ma'aikatan jinya a can 'yar zumuntar mata ce tare da mahaifiyata. Da na yi, kafin Lahadi magana ta isa gida. Ashe abin da nake kira tsoron Allah shekara da shekaru, rabinsa tsoron mutane ne, da kunya, da gudun abin faɗa. Da aka ɗauke idon mutane daga kaina sai na ga ɗan abin da ya rage. Kolosiyawa 3:22-23 ta ce kada mu yi aikin ganin ido kamar masu neman yardar mutane, mu yi kowane abu da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji muke yi. Tun ina makarantar Lahadi na haddace ta, amma sai a banɗakin nan ta shige ni. Na je na faɗa wa shugabarmu gaskiya. An saka mini takardar gargaɗi a fayil, an hana ni kuɗin ƙarin lokaci na watanni, kuma abokan aiki sun daɗe suna mini kallon marar wayo. Daren ranar na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

To, ku dubi inda muke. A gida akwai uwa, akwai dattawan ikkilisiya, akwai zumuntar matasa, akwai maƙwabciyar da ta san lokacin da ka shigo. A nan ba majami'a ko ɗaya a ƙasar, ba ƙararrawar safiyar Lahadi. Lahadin ma ranar komawa aiki ce, tunda hutun mako Juma'a da Asabar ne tun 2013. Wasu iyaye suna murna da an kawo 'ya'yansu nan, wai ƙasa ce mai tsauri, doka za ta tsare su. Doka tana tsare titi, ba ta shiga ɗaki. Titin ma ya sake: tun 2016 aka karɓe ikon kama mutane daga hannun 'yan hisba, a 2018 aka buɗe gidajen sinima, mata suka fara tuƙi. Ban ce waɗannan laifi ne ba, ni ma ina tuƙa motata. Amma wanda shinge ne kawai ke riƙe da shi, ran da aka sassauta shingen za a san halinsa. Wayar da ke hannunka da tsakar dare kuwa, kai kaɗai a ɗaki, ga na'urar sanyi na kaɗawa, ga albashi ya shigo, babu ɗan hisbar da ya taɓa leƙa ta.

Akwai gadar Sarki Fahad da ta haɗa Khobar da Baharain, kilomita 25 a kan teku, an buɗe ta a 1986. Daren Alhamis motoci kan yi layi a kanta. A ƙetaren akwai majami'u a Manama, akwai babban cocin Katolika da aka buɗe a Awali a 2021, inda mutum zai rera waƙa da ƙarfi ya ci jibin Ubangiji ba fargaba. A wannan ƙetaren dai akwai otal-otal da giya da matan da ake biya. Biza ɗaya ce, gada ɗaya, riyal ɗin ma ɗaya. Ƙanena, kai da ka ce mini sujada za ka, ka dawo ran Asabar ba ka iya haɗa ido da ni, ba ni ka yi wa laifi ba. Matarka tana Jos tana azumi a kanka.

Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi. A gidan Fotifar ba wanda ya san Yakubu, ba wanda zai kai labari Kan'ana. Farawa 39 ta ce matar maigidan ta yi ta nemansa kowace rana, har ranar da ya shiga gida babu ko mutum ɗaya a ciki. Abin da ya riƙe shi tun farko shi ne tambayar da ya yi mata: ƙaƙa zai yi wannan babbar mugunta, ya yi wa Allah zunubi? Bai tsaya gwada ƙarfin zuciyarsa ba, ya bar mata rigar ya fita da gudu. Mu kuwa sai mu ce za mu iya, hira ce kawai, saƙo ne kawai, rage hanya ce kawai. Ku kuma lura da inda biyayyar ta kai shi: kurkuku. Sai da ya cika shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna, shekara 13 ke nan tsakanin bauta da ɗauri. Ba zan ruɗe ku in ce wanda ya ƙi zunubi yau gobe za a ƙara masa albashi ba. Wani lokaci korarsa za a yi.

A nan dole in tsaya a kan ƙannena mata masu aikin gida, domin nauyinku ya fi namu. Gyaran dokar ƙwadago da aka yi a 2021, wanda ya sauƙaƙa wa ma'aikatan kamfani sauya wurin aiki, bai haɗa da masu aikin gida ba. Wata fasfonta yana hannun uwar ɗaki, wata ba ta da ranar hutu, wata ɗan gidan yana murɗa mata ƙofa da dare. Ki ji ni da kyau, ƙanwata: abin da aka yi miki da ƙarfi ba zunubinki ba ne, kuma biyayya ga Allah ba ta ce ki yi shiru ana cin mutuncinki ba. Ki faɗa. Ki kira ɗaya daga cikinmu, akwai ofishin jakadancin Najeriya a Riyad, akwai ƙaramin ofishi a Jidda. Wadda nake gargaɗinki da ita ita ce mai daɗin bakin nan da za ta ce ki gudo, tana da ɗaki a Jidda, kuɗi na shigowa kamar ruwa. Ki tambaye ta wane aiki ne, ki ga yadda za ta kauce. Da kin fita kafili, wato wanda ya ɗauke ki aiki, zai sa miki hurub, wato ya kai rahoto cewa kin gudu, kin zama marar takarda, wadda ta ba ki ɗaki ta mallake ki fiye da wanda kika gudu daga hannunsa, ƙarshenta tarhil, wato a kama ki a mayar da ke gida. Yarinyar da aka kamo daga Isra'ila ta zama baiwar matar Na'aman, a 2 Sarakuna 5, ko sunanta ba a rubuta ba, amma maganarta guda ta kai Na'aman, shugaban sojojin Suriya, gaban annabi Elisha har ya warke daga kuturta. Da 'yar ƙarya ce a gidan, wa zai ɗaura sirdi a kan maganarta?

Yanzu ga inda ya fi yi mini ciwo, wato kuɗin da muke aikawa gida. Kowa yana son a ji ya yi wa majami'ar ƙauyensu rufi, ya sayi kujeru, ya sayi kayan kiɗa, a kira sunansa daga bagade ranar godiyar kaka, mahaifiya ta yi guɗa. Abu ne mai kyau idan kuɗin mai tsabta ne. Amma na san wanda yake karɓar kuɗin 'yan matan garinsu da sunan zai samo musu aikin asibiti, alhali ya san wanke-wanke za su zo yi. Na san mai haɗa takardun makaranta na jabu. Suna cire zakka daga ciki ba fashi, suna ganin an biya Allah rabonsa. Sarki Saul ma haka ya yi. An ce ya hallaka duk abin da ke na Amalekawa, ya ware tumaki da shanu masu ƙiba ya ce na hadaya ne. Sama'ila ya tambaye shi, to wannan kukan tumaki da nake ji fa? Sannan ya gaya masa, a 1 Sama'ila 15:22, biyayya ta fi hadaya. Kwanon rufin da aka saya da hawayen 'yar wani, ko mutanen ƙauye ba su ji ba, Allah yana jin kukan tumakin a cikinsa. Gehazi, baran annabi Elisha, ya bi Na'aman a guje ya karɓi talanti biyu na azurfa da riguna biyu da ƙarya, ya ɓoye a gida, ya dawo gaban maigidansa ya ce bai je ko'ina ba. Da kuturta ya fita. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kuma don Allah, in kun je hutu, kada ku karɓi ƙunshin kowa a filin jirgin Kano ko Abuja ba ku buɗe shi da hannunku ba, ko da ɗan ikkilisiyarku ne. Hukuncin safarar ƙwaya a ƙasar nan kisa ne.

Duk wanda ke zaune a nan ya san mene ne kafili. Sunansa yana kan igamarka, wato katin izinin zamanka, inda ya ce nan za ka, ba ka da kafili biyu. Bulus, wanda shi ma ya taɓa zuwa ƙasar Arabiya bayan tubarsa kamar yadda ya faɗa a Galatiyawa 1:17, ya rubuta a Romawa 6:16 cewa wanda ka miƙa masa kanka kana masa biyayya, kai bawansa ne: ko na zunubi, wanda ƙarshensa mutuwa, ko na biyayya, wadda ke kaiwa ga adalci. Zunubi ba ya zuwa da fuskar maigida. Kamar ejan yake zuwa, da murmushi, ya ce gwadawa kawai za ka yi, in ba ka so ka bari. Ni na gwada da lamba ɗaya a fayil, ban ankara ba ta zama huɗu.

Sai maganar suna. Da yawanmu Musa ne, Yakubu, Dauda, Maryamu, Saratu, kuma muna jin Hausa, don haka mutane kan ɗauka abin da suka ɗauka. Ban ce ka hau titi kana wa'azi ba, dokar ƙasa ta hana. Ka girmama masu gari, kada ka ci abinci a gaban jama'a da rana cikin Ramadan, kada ka nufi Makka tunda ba a yarda ba. Amma in an tambaye ka kai tsaye, kada ka yi ƙarya don a ba ka aiki ko a ba ka mata. Daniyel ya yi wa sarakunan Babila da Farisa aiki da aminci har maƙiyansa suka rasa laifin da za su kama shi da shi, duk da haka sau uku a rana yana durƙusawa gaban Allahnsa. A Najran, kudancin ƙasar nan, wajen shekara ta 523, Kiristoci sun zaɓi wuta a kan su yi musun Almasihu. Hausawan da aka haifa a nan, Musulmi ne, sun san ko ni wace ce, kuma su suka koya mini kasuwa da Larabci, suka duba ni ina zazzaɓi. Wanda suke raina shi ne mai fuska biyu.

In ka riga ka faɗi, kada Shaiɗan ya ƙara maka da cewa ka yi nisa. 1 Yahaya 1:9 tana nan: in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu. Amma furtawar ta zo da hannu. Ka mayar wa yarinyar nan kuɗinta. Ka goge lambar nan yau, kada ka bari sai gobe. Ka sami ɗan'uwa ɗaya da zai iya tambayarka inda ka kwana ba ka yi fushi ba.

Juma'a mai zuwa ba ni da aiki. Kukar da aka kawo mini daga gida tana nan, da daddawa, zan tuƙa tuwon masara, mu karanta Romawa 6 tare da waɗanda suka samu fitowa. Ke da kika daina ɗaukar wayata tun bayan Ista, na san saƙon nan zai iso gare ki. Ba zan tambaye ki komai ba sai kin ci kin ƙoshi. Zan kira ki da ƙarfe goma na safe, in ba ki da kuɗin mota ni zan zo in ɗauke ki.