Ƙwai biyu a falon otal

Taro ne ya kai ni ɗaya daga cikin otal-otal ɗin nan na zamani masu ji da ƙawa. Mun yi da abokin aikina za mu haɗu a falon shiga. Ina shiga na nemi kantar karɓar baƙi na rasa, sai wani dogon tebur da mutane suka jeru a kai da kwamfutoci. Ba ka gane wa ke aiki a wurin, wa ya zo cin intanet kyauta. Na gaida wani mai baƙar riga na tambaye shi wurin jira, ya ce shi ma baƙo ne.

Kujerun kuwa babu biyu da suka yi kama. Na gwada wata doguwa mai laushi, ta haɗiye ni ɗungurungum, gwiwoyina suka taso daidai haɓa. Garin tashi na dafa wani dunƙulen katako, ashe fitila ce, ta kawo haske fal, kowa ya ɗago ya dube ni.

Can na hango wata kamar ƙwai da aka fafe, bayanta dogo, da fikafikai daidai kunnuwa. Ina zama wata ma'aikaciya ta matso.

"Ranka ya daɗe, ka iya zaɓe," in ji ta. Wai irin wadda wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Denmark, Arne Jacobsen, ya zana ce a 1958 don otal ɗin SAS Royal na birnin Kofanhegan, an yi ta ne don mutum ya keɓe ko yana tsakiyar jama'a.

Keɓewa kam na keɓe. A kan ƙafa ɗaya take juyawa, tun ban gama gyara zama ba ta maida ni ina kallon bango. Na ce ba laifi. Jira ya yi jira, na fara ƙunƙuni, sai waya ta yi ƙara.

"Malam, kana ina?"

"Ina falo tun ɗazu."

"Haba! Ni ma ina falo."

Sai na ji muryar tana zuwa ta waya, tana kuma zuwa ta ƙeya. Ashe mutumin yana cikin ƙwan da ke bayan nawa, shi ma yana ta zagina a zuci. Muka juyo a tare, gwiwa ta gamu da gwiwa ƙwas, takardunsa suka watse a ƙasa.

Muna tsugune muna tsinta, ma'aikaciyar ta dawo da fara'arta, ta roƙe mu don Allah kada mu ƙara gusar da kujerun, domin kowacce mai zanen otal ne ya auna mata wurinta.