Kibeho: Abin da masu ziyara ba sa son tunawa

Kibeho ƙaramin gari ne a kudancin Ruwanda, kuma tun 1934 Katolika ke da majami'a a can. Duniya ba ta san da shi ba sai ranar 28 ga Nuwamba 1981, da wata ɗalibar makarantar 'yan mata, Alphonsine Mumureke, ta ce Budurwa Maryamu ta bayyana gare ta a ɗakin cin abinci. Aka yi ta mata dariya, wasu suka ce aljanu ne. Marie Claire Mukangango, wadda ta fi kowa tsangwamarta, ita ma daga baya ta ce ta gani, haka Nathalie Mukamazimpaka. Su ukun nan kaɗai Bishop Augustin Misago ya amince da shaidarsu a 2001.

Saƙon da suka ce ta ba su bai da wuyar fahimta: ku tuba, ku yi addu'a, ku riƙe rosari, wato carbin addu'ar Katolika. A watan Agusta 1982 yaran suka fashe da kuka a gaban taro, jikinsu na rawa, suka ce an nuna musu kogin jini da gawarwaki ba mai binnewa.

Nan ne raina ke ɓaci da 'yan'uwana masu bi. Mun fi son mu ce "annabci ya cika!" muna murna kamar mun ci gardama. Ta yaya ya cika? A Afrilun 1994, lokacin kisan ƙare dangi na Ruwanda, dubban 'yan ƙabilar Tutsi suka gudu cikin majami'ar Kibeho, suna zaton ba mai taɓa su a ɗakin Allah. Aka jefa musu gurneti, aka cinna wa ginin wuta. Da yawa cikin masu kisan maƙwabtansu ne, masu baftisma, waɗanda labarin yaran nan bai ɓoyu gare su ba. Marie Claire ma a shekarar aka kashe ta. Da Afrilun 1995 ya zagayo, sojojin sabuwar gwamnati suka buɗe wuta kan 'yan gudun hijira a sansanin garin, mafi yawansu 'yan ƙabilar Hutu.

Yau jama'a na tururuwa can kowace 15 ga Agusta da 28 ga Nuwamba, ana waƙa, ana ɗibar ruwan marmaro a jarka. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma Fada, idan kai ke jagorantar ayari, don Allah kada motarku ta tashi ba ku shiga tsohuwar majami'ar ba. Ka faɗa wa mutanenka su wa aka kashe a ciki, da su wa suka kashe su.