Ƙannena masu atisayen gudu don shiga soja, ku saurare ni

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar soja ko ɗan sanda, sai titi ya cika da samari bayan sallar Asuba. Wanda ya shekara bai motsa jiki ba, yau shi ne yake son cinye kilomita goma, saboda saura mako biyu a yi tantancewa. Ƙannena, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bara da hunturu wani yaro ya wuce ni a guje kamar an harba kibiya, da sabon kambas a ƙafarsa. Ban yi minti goma ba na tarar da shi durƙushe a bakin kwata yana amai, leɓɓansa sun yi fari fat. Na saya masa ruwan leda. Da ya dawo hayyacinsa ya ce mini abokinsa ne ya ba shi Tramol, wai don kada ya ji gajiya. Wallahi har yau abin yana damuna. Tramol ba ya ƙara wa kowa numfashi. Ciwo yake toshewa, alhali da ciwon ne jiki yake ce maka tsaya, an kusa ɓarna. Yana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wace uwa ce za ta so a kawo mata ɗanta a haka?

Ku dubi waɗanda gudu ya zama sana'arsu. Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya yi gudun famfalaƙi na kilomita 42 da 'yan kai cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019. Ba a wayi gari aka gan shi can ba. Tun 2003 ya ci gasar duniya ta mita 5,000 a Faris yana ɗan shekara 18, wato shekara 16 ke nan tsakani, yana fita kullum da sassafe. A sansaninsu na atisaye da ke Kaptagat a Kenya, duk da sunan da ya yi, shi ma yana shara da wankin banɗaki idan layi ya zo kansa. Kuma mafi yawan gudun da suke yi a mako a hankali ne. Haile Gebrselassie na Habasha kuwa kilomita 10 yake gudu zuwa makaranta tun yana yaro, ya sake 10 a dawowa.

Dalilin bin sannu a jiki yake. Zuciya da huhu suna sabawa cikin 'yan makonni, amma jijiyoyi da ƙashin ƙwauri sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa za ka ji numfashinka ya gyaru, ka ƙara nisa da gaggawa, sai ƙwauri ko gwiwa su kama ka, ka kwanta daidai ranar da kake jira.

Don Allah ku fara da kaɗan. Minti 20, kwana uku a mako, gudu sassarfa, in ka gaji ka taka, in ka huta ka ci gaba. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan ba za ka iya yi wa abokin gudunka magana ba sai da haki, ka yi sauri da yawa, rage. Kada ka ji kunya don wani ya wuce ka. Nisa kuma a ƙara shi kaɗan-kaɗan, kuma a bar ranar hutu, don a ranar ne jiki yake gina abin da ka wahalar.

Zafin Maris da Afrilu ba abin wasa ba ne, kada ka fita rana ta take. Da azumi ka bari sai an sha ruwa. Idan kuma ka ji ƙirjinka ya riƙe, ko jiri na ɗibarka, ka tsaya nan take ka je asibiti a duba ka kafin ka sake ɗaura kambas.