Ga injin, ina mai gyara?

Shekaranjiya na saka cewa an kasa yi wa Mma, mahaifiyata, wankin ƙoda a asibiti, to har yau zancen bai canja ba. Mma ta sake dawowa gida ba a yi mata wankin ƙodar ba, ƙafa ta kumbura har silifas ya ƙi shiga. Likita yana nan, nas tana nan, injinan ma suna nan a jere an lulluɓe su kamar amare. Famfon na'urar tace ruwa ne ya mutu. Famfo! Wai kuma sai injiniyan kamfani ya zo daga waje. A Kumasi fa, garin da Suame Magazin, babbar unguwar makanikai, take. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Wanda bai taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ba zai ce ruwa ai ruwa ne. A zama ɗaya na awa huɗu, ruwan da ke ratsa injin ya fi lita 100, kuma tsakaninsa da jinin mutum wata 'yar tantani ce kawai. In bai tacu ba, guba ka ɗura wa bawan Allah. Saboda haka ranar da matatar ta tsaya, ɗakin gaba ɗaya ya tsaya, ko da injinan jiya aka fito da su daga kwali. Tun ƙarshen 2024 aka ce an shigar da wankin ƙoda cikin inshorar lafiya, mun gode. Amma katin inshora ba ya ɗaure noti.

Mai gyara muke nema, jama'a. Mun iya bikin karɓar inji, a kafa rumfa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Ranar da ya yi tari kuma sai kowa ya kama kallon sama. Wa ya tanadi kayan gyara? Wa aka koya wa buɗe shi? Wa ke zagayawa ya duba shi tun kafin ya tsaya? Shiru.

Wani ya rubuto mini wai jikin mutum ba trotro ba ne, wato motar haya da kowane makanike zai taɓa. Na gode, Malam, da ban sani ba. Babu wanda ya ce a ɗauko makaniken mota da baƙin mai a hannu a tura shi ɗakin tiyata. Jami'ar KNUST ta Kumasi da jami'ar Legon ta Accra duk suna yaye injiniyoyin kayan asibiti. Akwai ɗan maƙwabcinmu a Aboabo da ya gama wannan karatun, yanzu waya yake sayarwa a Adum. Shi aka hana aiki, mu aka hana wankin ƙoda, sannan a biya wa baƙo kuɗin jirgi da otal ya zo ya canja famfo. Masu cewa kamfani zai janye garanti kuma, sai ku sa a cikin yarjejeniyar saye cewa dole su koya wa yaranmu su kuma ajiye kayan gyara a ƙasa. Wanda ya ƙi, ya riƙe injinsa.

Lokacin korona a 2020 malamai da ɗaliban KNUST sun haɗa samfurin na'urar taimakon numfashi, kowa ya tafa. A 2019 jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙi suka fara kai jini da allurar rigakafi ƙauyuka daga tasharsu ta garin Omenako, kuma yaran Ghana ne ke harhaɗa su suna tayar da su. Mai iya wannan famfo ne zai gagare shi?

Maganar Allah, tsoro nake ji. Ku leƙa kowane gida a Zango, ba za ku rasa mai hawan jini ko ciwon suga ba, kuma su ne manyan masu cinye ƙoda. Layin da Mma ke bi yau, nan da shekara goma sai ya fi haka tsawo, wataƙila da mu a ciki. Injina za su ƙaru, kowanne yana son wuta tsayayya, ruwa mai tsabta da mutumin da ya san cikinsa. Mun sha dumsor, mun san abin da ɗaukewar wuta ke yi wa firij ɗin gida, balle injin da ke riƙe da jinin mutum. Daren jiya Mma a zaune ta kwana, in ta kishingiɗa numfashi ba ya fita. Ta dube ni ta ce, “Kai, je ka kwanta, gobe kana da aiki.” Na kasa amsa mata.

Iyaye ma da laifinmu. Yaro ya kwance rediyo a gida sai ya sha duka, kowa so yake a ce ɗansa dokta ne.