Annoba ba ta jiran a kafa kwamiti

Da zarar cuta ta ɓarke a birni, sai ka ga hukuma ta kafa kwamiti, an ɗauki hoto, an sanar da kuɗin da aka ware. Ni kam na daɗe da daina kallon kwamitin. Ma'aikata da kayan aikin da ke ƙasa tun kafin cutar ta zo nake dubawa, don da su za a yi yaƙin, ko an so ko an ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A 1892 kwalara ta kashe mutum fiye da 8,000 a Hamburg ta ƙasar Jamus. Birnin na shan ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba. Maƙwabciyarsa Altona, wadda ke ɗiba daga kogin guda, a ƙasa da inda Hamburg ke zubar da ƙazantarta ma, ta tsira da sauƙi, saboda ta daɗe tana tace ruwanta da yashi. Abin takaicin, shugabannin Hamburg sun yi ta jan ƙafa wajen sanar da jama'a, gudun kada harkar tashar jiragen ruwa ta tsaya. Wannan hali har yau bai mutu ba.

Legas ta nuna ɗaya fuskar a 2014. Ranar 20 ga Yuli Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ɗauke da Ebola, a birnin da cunkosonsa ya sa masana suka riƙe baki. Hukumomin jiha da na tarayya suka ɗauko tsarin cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan inna, da mutanen da suka saba bin gida gida, suka juya su kan sabuwar cuta. An bi sawun kusan mutum 900, ana auna zafin jikinsu kullum na kwana 21. Mutum 8 suka rasu a duk ƙasar, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana Sawyer barin asibiti. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kau daga Najeriya.

Wani zai ce ai Wuhan ta ƙasar Sin ta gina asibiti cikin kwana 10 a 2020, lokacin annobar korona. Haka ne, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai gado na karɓar wanda ya riga ya kamu ne, kuma birane nawa ke da irin wannan ƙarfin? Abin da kusan kowane birni zai iya shi ne sanin wace unguwa ce ba ta da famfo, wane ma'aikacin duba-gari jama'a ke buɗe wa ƙofa, wane ɗakin gwaji zai ba da sakamako gobe.

Matsalar ita ce ba a yanka ƙyalle a kan waɗannan. Shi ya sa idan kasafi ya matse, albashin masu kwashe shara da kuɗin sinadarin tace ruwa ake fara taɓawa.