Daniel Boone da kakan kakana: duk daji suka sara, ɗaya aka rubuta

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na ɗebi yara muka fita daga St. Louis zuwa wani ɗan ƙauye da ake kira Defiance a nan jihar Mizuri ta Amurka, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Gidan da Daniel Boone ya rasu a ciki muka je gani. Gidan dutse ne mai kaurin bango, na ɗan autansa Nathan, kuma har ɗan ɗakin da tsohon ya cika a watan Satumba 1820 an nuna mana. Wallahi tunda muka dawo abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in rubuta ko zan samu sauƙi.

Ga wanda bai san shi ba, Boone yana cikin turawan farko da suka kutsa dajin Kentaki suka kafa gari. An haife shi 1734 a Fensilbeniya, babansa Squire masaƙi ne kuma maƙeri, daga Ingila ya zo 1713. 'Yan wata ɗariƙar Kiristoci ne da ake kira Kwaka, kuma da babban ɗansa ya auri wadda ba 'yar ɗariƙa ba a 1747 uban ya ƙi juya wa ɗan baya, sai suka kore shi, wajen 1750 ya kwashi iyali suka yi Karolina ta Arewa. Ku duba fa, rigimar aure ta cikin gida, shekara kusan 280, amma tana nan a takarda saboda majalisar ɗariƙar tana da mai rubuta abin da aka tattauna. Daniel ya auri Rebecca Bryan 1756, suka haifi 'ya'ya 10, kuma matar da ke zagayawa da mu ta jero sunayensu kamar tana karanta Fatiha. Babban ɗansa James an kashe shi a hanya 1773 yana saurayi. A 1775 ya ja mutum wajen 30 da gatura suka sare hanya ta ratsa duwatsu har suka kafa Boonesborough. A 1776 aka sace 'yarsa Jemima ya bi sawu ya ƙwato ta. A 1778 shi kansa 'yan ƙabilar Shawnee suka kama shi, sarkinsu Blackfish ya mai da shi ɗa, ya zauna da su watanni kafin ya sulale. Wani ɗan nasa, Israel, ya faɗi a yaƙin Blue Licks 1782 a gaban idonsa. Bayan duk wannan wahala filayen da ya mallaka a Kentaki suka salwanta a shari'a da bashi, sai a 1799 yana da shekara kusan 65 ya sake ɗaure kaya ya tsallako Mizuri, lokacin tana hannun Sifaniyawa, suka ba shi alƙalancin yankin, a gindin bishiya yake zaman shari'a kamar dai dagacinmu.

Ina tsaye a ɗakin nan sai 'yata ta ja min riga ta ce "Abba, mu waye namu?" Na buɗe baki, abin da na iya ce mata kawai shi ne kakan kakana mafarauci ne, shi ya sari dajin da ya zama garinmu, ya haƙa rijiyar farko kusa da wata kuka. Ta ce ya sunan matarsa? Shiru. 'Ya'yansa nawa? Daga ina ya taso, me ya koro shi, yunwa ce ko yaƙi ko rigimar sarauta? Ni da na haddace shekarun wani bature a awa biyu, ban iya amsa ko ɗaya ba.

Kuma ba wai mutanensu sun fi namu jarumta ba ne, wannan ban yarda ba ko kaɗan. Fataken goro da suke tashi daga Kano da jakuna su yi wata da watanni kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, su ne suka kafa zangon da yau jikokinsu suke Kumasi da Akara suna Hausa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, mata da tsofaffi da goyo, a ƙafa suka nufi gabas har bakin kogin Nilu kusa da Sinnar a Sudan, garin da suka kafa har yau sunansa yake amsawa. Tafiyar Boone daga Karolina zuwa Kentaki in ka ɗora ta kusa da wannan ai kamar zuwa cin kasuwar ƙauye ce. To amma shi Mai Wurno ɗan sarki ne shi ya sa sunansa ya tsira, ina sunan talakan da ya ɗauki uwarsa a baya daga Burmi, ina sunan matar da ta haihu a hanya ta binne jaririn ta ci gaba da tafiya?

Abin da na gano shi ne, su akwai wanda ya zauna ya tambaya. A 1851 wani mutum Lyman Draper ya yi takakkiya har gidan Nathan, lokacin Nathan ya tsufa, ya zauna da shi da matarsa yana tambaya yana rubutawa, me babanka ya ce, wace shekara, wa ke wurin. Takardun suna ajiye a Wisconsin har gobe. Ga kuma al'adarsu ta rubuta haihuwa da aure da mutuwa a shafin farko na Baibul ɗin gida. Mu fa ba rubutu muka rasa ba, muna da ajami tun kafin Boone ya zo duniya, malamanmu sun rubuta fiƙihu da waƙoƙi da jerin sarakuna, amma tarihin gidan talaka an bar wa bakin tsofaffi da maroƙa. Ga kunya ta ƙara mana, mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba a faɗin sunan ɗan fari, suruka sai dai a ce Iya ko Inna, a haka sunan yanka yake bin mai shi kabari. Ina son kunyar nan, da ita aka raine ni, amma ta ci mana sunaye da yawa.

Wani abu kuma da dole in faɗa. Dajin da ake cewa Boone ya buɗe ba kango ba ne, wurin farautar Shawnee da Cherokee ne, mutanen da muke kira Indiyawan daji muna yara muna tafa wa kaboyi in ya harbe su a fim. Yau jikokinsu akasari suna can Oklahoma inda aka tura su. Boone kuma ya mallaki bayi. Wannan duk takardun ne suka tona, wato rubutun da ya adana sunan 'ya'yansa shi ya adana laifinsa. Sai na tambayi kaina, dajin da kakan kakana ya sara, da gaske ba kowa? Don na sha ji ana cewa akwai Maguzawa a gefen dutse da "suka tashi". Suka tashi ko aka tashe su? Kuma akwai wata unguwa a garinmu da kowa ya san asalin mutanenta amma ba a faɗa sai in maganar aure ta taso. In za mu rubuta, da wannan za mu rubuta, ba kirari kaɗai ba.

Daren Lahadi na kira gwaggona ta WhatsApp, ita ce babba da ta rage a gidanmu, ta haura 80. Na ce Gwaggo, matar mai rijiya fa, ya sunanta? Ta yi dariya ta ce kai ɗan nan, me ya tuno maka da mutanen da? Sai ta yi shiru can ta ce ita dai ta taso ta ji ana ce mata Ta-Gabas, don daga gabas aka auro ta, kuma ita ce ta zo da irin gero a ƙulle a bakin zane wanda aka fara shukawa a gonar bayan kuka. Ban taɓa jin wannan ba a rayuwata. Na ce ta dakata in ɗauko biro, ta ce caji ya kusa ƙarewa kuma ba wuta, in bari sai Juma'a in an sauko daga masallaci za ta sa a kira mata ƙanin babana su haɗu su tuna min sauran. Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, na rubuta Ta-Gabas a shafin farko, na bar fili a gabansa ko Baffa zai tuna sunanta na yanka.